Shaf ɗin injin tabain: ba sallama yake karyewa, ko mu ne ba ma jin sallamarsa?

Masta_MaiLez_Suame
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekarata 26 ina aikin lez, wato injin sassaƙa ƙarfe, a Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Suame a Kumasi. Shaf ɗin injin niƙa, na famfon burtsatse, aksul ɗin tirela, karanshaf, babu wanda bai bi ta hannuna ba. Jiya bayan isha'i muna hira a Aboabo, ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya a jami'ar KNUST ya ce mani injinan wutar da aka kawo Anwomaso, nan gefen Kumasi, asalinsu injin jirgin sama ne, kuma sandar tsakiyarsu, wato shaf, tana juyi dubbai a minti ɗaya. Maganar ta tsaya mani a rai.

Ni dai abin da na sani, ƙarfe ba ya karyewa sai ya yi sallama. Duk shaf ɗin da aka kawo mani a karye, in na wanke bakin karayar da fetur na duba a rana, kashi biyu nake gani. Gefe guda sumul, ya yi duhu, da layi-layi kamar sawun ruwa a bakin rafi. Ɗaya gefen sabo fil, garje-garje kamar an ɓalle rake. Wannan sumul ɗin ya yi watanni yana cin ƙarfen, mai injin ne bai saurara ba. To su masu manyan injina, ta yaya suke jin sallamar? Ko nasu ba ya yi?

Injiniya_Asawase
Wa alaikumus salam Masta. Ɗanka ya yi gaskiya. Injinan tashar wuta ta Ameri ne da aka kwaso daga Aboadze, kusa da Takoradi, aka buɗe tashar Anwomaso a 2024. Samfurin TM2500 ne na kamfanin GE, kowanne megawat 25, kuma danginsu ɗaya da injin CF6 da ke ɗaukar manyan jiragen fasinja. Shaf biyu ne a ciki, ba a haɗe suke ba. Na gaba, mai ɗauke da kwamfireso, wato mai matse iskar da ke shiga inji, yana kai juyi 9,000 a minti har ya ɗara. Na baya, mai juya janareto, 3,000 yake yi daidai, saboda wutar Ghana hez 50 ce, wato sau 50 take kai-komo a daƙiƙa ɗaya.

Layin nan da kake gani a bakin karaya, shi ne a makaranta ake kira gajiyar ƙarfe. Shaf mai nauyi in aka ɗora shi a kan boris biyu, tsakiyarsa na ɗan sunkuyawa ƙasa. Kowane juyi ɗaya, fatar ƙarfen za ta miƙe in ta zo ƙasa, ta matse in ta koma sama. Yi lissafi: juyi 3,000 a minti, sau 4,320,000 ke nan a kwana ɗaya. Tsagar da ba ta kai silin gashi ba, in tana buɗewa tana rufewa sau miliyan huɗu kullum, ai sannu ba ta hana zuwa.

DanMamobi77
Ni tambayata, me ya sa ba za a yi shi da kauri sosai ba kawai a huta?

Injiniya_Asawase
Ƙanina, kauri nauyi ne, jirgi kuma da nauyi yake faɗa. Kuma tsaga ba ta duba kauri. Inda ƙarfe ya yi kwana mai kaifi take nema: ramin ki, wato ramin da ake cusa ɗan ƙarfen da ke kulle shaf da abin da yake juyawa, bakin haƙoran da shaf ke shiga cikin ɗan'uwansa, wurin da kauri ya sauya ba a zagaye kwanar ba, ko sawun da bakin lez ya bari. Masta zai ba da shaida.

Masta_MaiLez_Suame
Ƙwarai kuwa. Mafi yawansu daga bakin ramin ki suke farawa. Shi ya sa nake yi wa yarana faɗa in sun bar kwana a tsaye kamar wuƙa.

Bilkisu_Jijjiga
Baba Masta, barka da wannan tambaya, aikina ke nan a Tema: auna jijjigar injina. Kunnenmu wasu 'yan na'urori ne kamar yatsa, ana dasa biyu a kowane boris, ɗaya ta nan ɗaya ta can, su yi kusurwa. Ba sa taɓa shaf ɗin, tazarar da ke tsakaninsu da shi suke aunawa, tazarar da ido ba ya gani. Daga nan kwamfuta ta zana mana hanyar da tsakiyar shaf ke bi a cikin boris. Lafiyayye zobe yake zanawa, ɗan ƙarami. In ya fara zana ayaba ko lamba takwas, mun san an ɗaura shi a karkace da janareto, ko wani abu na goga shi.

Tsaga kuwa tana da muryarta. Shaf mai tsaga ƙarfinsa ba ɗaya ba ne ta kowane gefe, don haka a juyi ɗaya sau biyu yake sunkuyawa. Sai mu ga jijjiga mai ninki biyu na gudun injin tana tasowa a hankali, wurin da nauyi ya fi rinjaya kuma yana matsawa daga inda muka san shi. An fi kama ta lokacin da aka kashe inji yana saukowa. Shi ya sa duk tashi da duk kashewa muke ajiye zanensu, mu gwada na yau da na bara.

Abin da ke ɓata mani rai shi ne, wani in ya ga jijjiga ta ƙaru sai ya ce a yi balans, a ɗaura ɗan nauyi. Jijjiga ta kwanta sati biyu ta dawo, a sake balans. In inji ya ƙi riƙe balans sau biyu, sau uku, a tsayar da shi a nemi tsaga. Ƙara masa nauyi toshe masa baki ne kawai.

Alhaji_Tirela
'Yata Allah ya yi albarka. Mu a hanya sukurdireba muke dafawa a jikin boris mu sa kunne a mariƙinta. Daga Kumasi zuwa Bawku da wannan muka rayu.

Bilkisu_Jijjiga
Amin Alhaji. Dabarar ɗaya ce, tamu dai ba ta barci kuma tana ajiye abin da ta ji.

Kyaftin_Hanga
Masta, da girmamawa, ban yarda da maganarka gaba ɗaya ba. Ina aikin gyaran jirage a Accra, kuma akwai karayar da sallamarta ba ta kai minti biyu ba.

Ranar 4 ga Nuwamba 2010 jirgin Qantas samfurin A380 ya tashi daga Singafo zai tafi Sidni da mutum 469. Mintoci kaɗan da tashi, a saman tsibirin Batam, injinsa na biyu, Trent 900 na Rolls-Royce, ya tarwatse. Shaf ɗin kansa ba shi da laifi. Wani ɗan bututun mai ne aka huda a karkace tun a masana'anta, gefe ɗaya ya yi siriri, ya gaji ya tsage. Mai ya fesa cikin wuri mai zafi ya kama da wuta, wutar ta tausasa hannun da ke haɗa shaf da faifan tabain, wato faifai mai fuka-fukai da iska mai zafi ke juyawa, ya rabu.

Nan ne haɗarin yake. Tabain ita ke jan kwamfireso, kuma kwamfireso na cinye fiye da rabin ƙarfinta. In igiyar ta tsinke, iska mai zafi na ci gaba da hura ta, kaya kuma babu. Kamar trotro ce, ƙaramar motar haya, tana hawan tudu, farfela mai kai juyi ga tayoyi ta faɗi, ƙafar direba na kan totur. Ƙarfin da ke son yaga faifai ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in gudu ya ninka biyu, shi huɗu yake ninkawa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi faifan ya fashe gida uku, ya huda fiffike, ya yanke wayoyi da bututun mai. Allah ya kiyaye, matuƙan suka sauke shi a Singafo, ba wanda ya mutu. Bayan nan aka sa wa injin manhajar da ke yanke mai da kanta in ta ga tabain na neman kuɓucewa.

Wane kunne ne zai ji wannan a kan lokaci?

Masta_MaiLez_Suame
Kyaftin, ai ka taimake ni ne. Bututun nan da kansa ka ce ya gaji ya tsage. Shi ya yi sallama, a ɗakin da babu kowa.

Kyaftin_Hanga
Na karɓa, amma sallamar da babu na'urar da ke jin ta, ga matuƙi daidai take da shiru. Wurin kama wannan shi ne teburin awo a masana'anta, kafin a ɗaura shi.

Hajiya_SabonZango
Ku tsaya don Allah. Mahaifiyata za ta tafi aikin hajji bana in Allah ya yarda, yanzu kun sa gabana faɗuwa.

Kyaftin_Hanga
Hajiya ki kwantar da hankali, Allah ya kai ta lafiya ya dawo da ita lafiya. Abin da ya sa muke iya kiran waɗannan haɗurra da ranakunsu shi ne ƙarancinsu. Shaf da faifan injin jirgi ba a jiran su nuna alamar ciwo. Kowanne yana da littafinsa, ana ƙirga masa tashi da sauka, ba awoyi kaɗai ba, domin zafi da sanyin kowace tafiya su ke cin ransa. Ranar da ya cika adadinsa za a cire shi a lalata shi, ko da yana ƙyalli kamar sabo. A hanyar bakin mai kuma akwai wani toshi mai maganaɗisu. Nakan zare shi in duba a ƙarƙashin fitila. Baƙin gari mai laushi kamar kwalli ba abin damuwa ba ne. Amma in na ga ɓarɓashi mai ƙyalli kamar ɓawon kifi, boris ya fara ɓarewa, jirgin ba zai tashi ba sai an gano daga ina. Sannan muna zura kyamara siririya kamar bulala ta wasu ramuka, mu duba fuka-fukan ɗaya bayan ɗaya ba tare da an kwance inji ba.

Hajiya_SabonZango
Na gode ƙanina. Hankalina ya ɗan kwanta.

MalamTarihi_Tafo
Tunda an zo maganar boris, in ƙara. Ƙasar Folan ta yi rashi sau biyu a kan wannan abu ɗaya, duk da jirgin Il-62 na Tarayyar Sobiyat, duk a Waso. Na farko 14 ga Maris 1980, shaf ɗin tabain ya karye saboda gajiya da rashin kyan aiki a masana'anta, mutum 87 suka mutu. Na biyu 9 ga Mayu 1987, mutum 183. A wannan, boris ɗin da ke tsakanin shaf biyu ne ya ci kansa, an same shi da ƙwaya 13 maimakon 26. Ya yi zafi, shaf ya rabu, faifai ya fashe.

Kuma ilimin gajiyar ƙarfe da jirgin ƙasa ya bunƙasa. A 1842 aksul ya karye a layin Basai (Versailles) zuwa Faris, mutane da yawa suka ƙone. Daga baya wani Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekaru yana juya aksul a injin gwaji yana ƙirga juyin da kowanne ke yi kafin ya karye.

DanMamobi77
Malam, na jirgin DC-10 a Amurka 1989 fa? Shi ma shaf ne?

MalamTarihi_Tafo
A'a, wancan na Sioux City faifan fanka ne. Wani ɗan gurɓataccen wuri ne a cikin ƙarfen titaniyom tun daga narkarwa, tsaga ta taso daga nan, aka duba faifan ba a gan ta ba. Cuta ɗaya, gaɓa daban.

Tsohon_Ofareta
Duk kun yi magana a kan na'ura, ba wanda ya taɓo mutum. Na yi shekaru a ɗakin kula da inji a wata tasha da ba zan kira suna ba. In aka kashe babbar tabain, ba a barin ta tsaye. Zafi sama yake taruwa a cikin gidanta, saman shaf ya fi ƙasansa zafi, sai ya gantsare kamar baka. Don haka akwai ƙaramar mota da ke juya shi a hankali, a hankali, har ya huce daidai, wani lokaci kwana biyu ko fiye.

Wani dare lokacin dumsor, wato zamanin yawan ɗauke wuta a Ghana, inji ya faɗi, motar juyawar ma ta ƙi kamawa. Muka yi awoyi muna fama. Kafin ta tashi shaf ya riga ya lanƙwasa, agogon da ke nuna karkacewa ya wuce inda aka yarda. Waya ta yi ta shigowa daga sama: gari na cikin duhu, a tayar. Babbanmu na dare, dattijo ne mai sanyin magana, ya ce ba zai tayar ba sai allurar ta sauko. An yi masa tsawa ina ji. Ya ajiye wayar ya ci gaba da kallon allura. Sai da gari ya waye ta dawo daidai, muka tayar lafiya lau. Ba wanda ya ce masa sannu, har takardar tuhuma aka ba shi. Da ya tayar, shaf zai goga jikin gida, gogar ta ƙara zafi a gefe guda, ya ƙara lanƙwasa, sai dai a yi maganar watanni ba wuta daga wannan inji. Har yau in na tuna fuskarsa a hasken allon nan sai idona ya kawo ruwa.

Maman_Kankara
Baba, na ji, amma mu ma ku ji namu. A 2015 firiza biyu na rasa da kifi cike. Mai sayar da ƙanƙara ba ta san wata allura ba, duhu kawai ta sani.

Tsohon_Ofareta
Gaskiyarki 'yata, Allah ya mayar da alheri. Yawancin duhun wancan lokaci ma ba karayar inji ba ce. Tun Agusta 2012 da anga ta jirgin ruwa ta fasa bututun gas na Afirka ta Yamma a tekun Togo, ga ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, ga kuɗin mai. Amma kunna-kashe ɗin nan shi kansa cuta ne ga inji. Tashi ɗaya daga sanyi yana cin ran ƙarfe fiye da awoyi masu yawa na gudu a natse.

Alhaji_Tirela
Komai dai da ƙaddara. In ranar ƙarfe ta yi, ta yi.

MalamTarihi_Tafo
Haka ne Alhaji, amma an ce ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Injiniya_Asawase
In dawo da mu kan tambayar Masta. Akwai wata sallama da ko na'urorin Bilkisu ba su cika ji ba, ita ce murɗewa. Shaf na iya murɗawa gaba da baya kamar ana matse wanki, alhali tsakiyarsa ba ta gusa ko'ina ba. A tashar Mohave ta Amurka, 1970 da 1971, sau biyu shaf ya lalace kafin a gane cewa dogon layin wutar ne ke kaɗawa daidai da murɗewar shaf ɗin, kamar mai tura lilo yana dacewa da dawowarsa. Cutar daga waya ta shigo, ba daga inji ba. Haka in aka haɗa janareto da layi ba a kan daidai ba, shaf na shan duka ɗaya mai tsanani, ya ajiye shi a jikinsa.

Bilkisu_Jijjiga
Gaskiya ne Yaya, murɗewa sai da na'ura ta daban mai ƙirga haƙora. Batun lilo kuma, kowane shaf yana da gudun da in ya kai yake amsawa da rawa. Wajen tashi ba a tsayawa a nan, wucewa ake yi da sauri. Kuma kada a manta da hunturu. Ƙura in ta wuce filta ta manne a fuka-fukan kwamfireso, ranar da wani ɓangare ya ɓalle balans ya tafi. A bakin teku kuma gishiri ne, yana cin ƙarfe ya bar 'yan ramuka, ramin kuwa gidan tsaga ne. Anwomaso ta huta da gishiri, amma hazonmu na Janairu yana nan.

Tsohon_Ofareta
Akwai kuma birkin ƙarshe. In layi ya faɗi, kaya suka sauka daga kan janareto gaba ɗaya, inji zai zabura. An saita shi ya yanke mai a wajen kashi 10 cikin 100 sama da ƙa'ida, wato 3,300. A wannan gudun ma ƙarfin da ke jan faifai ya ƙaru da kashi 21. A tashar Duvha ta Afirka ta Kudu, Fabrairu 2011, wajen gwada wannan kariyar ne ta ƙi aiki, injin megawat 600 ya tarwatse, ɓaraguzai suka huda rufi.

Yaron_Walda
Masta, ni tambayata ta ƙasa ce. Shaf ɗin injin niƙa in ya tsage muna cika shi da walda mu mayar lez. Laifi ne?

Masta_MaiLez_Suame
Yaro, ina yi in mai shi ya matsa, amma ina gaya masa gaskiya: kwana aka ƙara masa, ba warkewa ya yi ba. Gefen walda ƙarfe na ƙonewa ya yi tauri, daga nan sabuwar tsaga ke tashi. In za ka yi, ka fafe tsagar har ƙarshenta, ka ɗumama ƙarfen kafin ka fara, ka rufe shi da yashi ya huce a hankali. Kuma ga dabarar da mastana ya koya mani: jiƙa shi da kananzir, goge tas, shafa alli. In akwai tsaga, kananzir zai fito ya zana ta a kan allin.

Kyaftin_Hanga
Masta, wannan dabarar ita muke yi a hanga har gobe, sai dai namu ruwan yana haske a ƙarƙashin fitila ta musamman. Amma tsagar da ta fito fili kaɗai take kamawa. Ta ciki sai an aika sauti cikin ƙarfen a saurari dawowarsa. Walda kuwa a shaf ɗin jirgi babu ita sam. Kuma ina nan a kan bakana: wata karayar ba a hango ta, sai dai a shirya mata. Shi ya sa wasu injinan an ƙera su yadda in shaf ya rabu, tabain za ta zame baya fuka-fukanta su sarƙe da na tsaye, ta ci kanta kafin faifai ya fashe.

Bilkisu_Jijjiga
Ni kuma a tashar ƙasa, yawancin waɗanda na gani sun yi magana tun da wuri, a cikin zanen da ba wanda ya buɗe.

Dalibi_KNUST
Kawu, ni ne na jawo maganar. Karyayyen shaf ɗin famfon nan da ke ƙarƙashin bencinka, kada ka sayar wa masu gwangwan. Ina so in kai shi ɗakin gwaji mu duba bakin karayar da madubin ƙara girma, mu ga ko daga ramin ki ta faro ko daga tsatsa. Anti Bilkisu, in na samo ƙaramar na'urar jijjiga ta hannu, a ina zan dafa ta a injin niƙa, a kan gidan boris ko a jikin firem?

Masta_MaiLez_Suame
Yana nan na naɗe shi da tsumma mai mai don kada bakin ya yi tsatsa. Kada ka haɗa ɓangarorin biyu ka goga, za ka share layin. Ka zo Asabar bayan azahar.

Bilkisu_Jijjiga
A kan gidan boris, ƙanina, kusa da shaf iya yadda za ka iya. Auna ta sama, ta gefe, da ta tsawon shaf, na ɓangaren bel da na ɓangaren dutse. Ka yi sau ɗaya inji na gudu ba kaya, sau ɗaya an zuba masara, ka rubuta gudun injin, ka turo mani lambobin.